Idan Yaro Ya Faɗi Jarrabawa, Wa Za A Tambaya?

Duk shekara idan WAEC da NECO suka saki sakamako, hayaniyar iri ɗaya ce. Hukuma ta faɗi kashi nawa cikin ɗari suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi, jaridu su buga, makarantun kuɗi su rataya allon talla a bakin ƙofa ɗauke da hotunan ɗalibansu da suka yi zarra. Wanda ya faɗi kuwa, a gida za a ce ba ya karatu, ƙwallo ta yi masa yawa, ko waya ta ɗauke masa hankali. Da wuya ka ji uba ya nufi makarantar da ɗansa ya shafe shekara shida a cikinta ya ce a yi masa bayani. Albashin malami bai ragu ba, firinsifal yana nan kan kujerarsa, kwamishina ma ba wanda ya kira shi.

Saboda haka mutane da yawa ke ganin lokaci ya yi da za a riƙa tuhumar makarantu kan sakamakon ɗalibansu: wadda ta yi ƙoƙari a saka mata, wadda ta gaza ta ɗanɗana kuɗarta. Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinta. Sai dai wasu ƙasashe sun riga mu gwada ta, kuma abin da suka girba ya cancanci a zauna a duba.

Babu ƙasar da ta yi wannan gwaji da ƙarfi kamar Amurka. A watan Janairun 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu kan dokar No Child Left Behind, wato kada a bar yaro ko ɗaya a baya, bayan manyan jam'iyyun ƙasar biyu sun mara mata baya a majalisa. Dokar ta wajabta wa kowace jiha ta yi wa yara jarrabawar karatu da lissafi duk shekara daga aji uku zuwa aji takwas, sannan sau ɗaya a babbar sakandare. Aka kuma sa wa'adi: kafin ƙarshen 2014, kowane ɗalibi sai ya kai matakin ƙwarewa. Makarantar da ta kasa cimma mizanin shekara sau biyu a jere, iyaye suna da damar kwashe 'ya'yansu zuwa wata. In ta ci gaba da gazawa, sai a tilasta mata samar wa yara darasin ƙari, daga nan a soma sauya ma'aikata, har ta kai ga a rushe shugabancinta a sake sabon lale.

Akwai abu guda a dokar da ko masu sukarta suna yaba masa. Ta hana makaranta ɓuya a bayan jimillar maki. Dole a fitar da sakamakon 'ya'yan talakawa daban, na baƙaƙen fata daban, na masu naƙasa daban, na waɗanda Turanci ba harshensu na gida ba ne daban. Makarantar da ake yi wa kallon ta ƙwarai saboda 'ya'yan masu hali suna cin jarrabawa, sai ga shi an gano ta yi watsi da sauran. Bincike kuma ya nuna an samu ci gaba na gaske a lissafin ƙananan azuzuwa, ko da yake a fannin karatu ba a ga wani canjin a-zo-a-gani ba.

Matsalar ta ɓullo ne ta wata kusurwa. Tunda kowace jiha ita ke tsara jarrabawarta ta kuma yanke makin ci, wasu jihohin sai suka sassauta mizanin don yaransu su haye. A cikin aji, darussan da ba a jarraba su, irin su tarihi, zane da kiɗa, aka riƙa rage musu lokaci. Malamai suka gano cewa yaron da ya yi nisa a baya ba zai haye ba komai aka yi masa cikin shekara guda, mai hazaƙa kuma zai haye ko ba a kula shi ba, don haka ƙarfi ya koma kan 'yan tsakiya da maki kaɗan ya rage musu. Dokar da aka kafa don yaron da ke can baya, shi ne ta fara mantawa da shi. Zuwa 2011 kusan rabin makarantun gwamnati na ƙasar an rubuta su cikin waɗanda suka gaza, abin da ya sa kalmar gazawar kanta ta rasa ma'ana. A Disambar 2015 Shugaba Barack Obama ya sa hannu kan wata doka da ta maye gurbinta, wadda ta bar jarrabawar shekara-shekara amma ta mayar wa jihohi ikon yanke abin da za a yi da makarantar da ta yi rauni.

Abin da ya faru a Atlanta, babban birnin jihar Jojiya, shi ne ya fi tayar da hankali. Shekaru ana yabon makarantun birnin saboda yadda makin yara ke hawa. A 2009 aka zaɓi shugabar hukumar ilimin birnin, Beverly Hall, a matsayin gwarzuwar shekara cikin takwarorinta na ƙasa baki ɗaya. Wata jaridar birnin ce ta fara cewa hawan nan ya wuce hankali. Gwamnan jiha ya sa aka bincika, kuma rahoton da ya fito a Yulin 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44. An samu inda malamai ke taruwa bayan an tashi, su zauna da takardun amsar yara da abin gogewa, suna share kuskure suna cika daidai. An samu inda ake zaunar da mai rauni kusa da mai ƙoƙari don ya leƙa. Masu binciken sun bayyana yanayin tsoro da barazana: wanda makarantarsa ta cika mizani ya samu ladan kuɗi da yabo a bainar jama'a, wanda ya gaza ya fuskanci wulaƙanci ko kora, wanda ya tona asiri kuma shi ake fara juya wa baya. A 2013 aka gurfanar da mutum 35. A Afrilun 2015 kotu ta samu 11 da laifi ƙarƙashin dokar da aka saba amfani da ita kan gungun masu aikata manyan laifuka. Ita Hall, wadda ta musanta zargin har ƙarshe, ta rasu kafin a yi mata shari'a.

Ba na wanke malaman nan. Yaran da aka cika wa amsa an tura su aji na gaba ba su iya karatu ba, kuma makin bogi ya hana su samun taimakon da doka ta tanadar wa masu rauni. Wannan cin amana ne. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk wanda ka ce masa abincin iyalinsa ya dogara da lambar da ba shi da cikakken iko a kanta, ka kuma bar takardun a hannunsa, ka riga ka san abin da wasu za su yi. Wani masanin zamantakewa Ba'amurke, Donald Campbell, ya yi wannan gargaɗi tun shekarun 1970: da zarar an ɗora hukunci mai nauyi a kan ma'auni guda, ma'aunin zai lalace, ya kuma lalata aikin da aka ce ya auna. Ingila ma ta taɓa gani tun kafin a haifi kakanninmu. A 1862 ta ɗaure tallafin da makarantu ke samu da yawan yaran da suka ci jarrabawar karatu, rubutu da lissafi a gaban sufeto. Malamai suka koma sa yara haddar littafin da za a jarraba su a kai, har aka watsar da tsarin a shekarun 1890.

Sai kuma tambayar adalci. Ɗauki makarantu biyu. Ɗaya tana unguwar ma'aikata, yaranta sun zo aji ɗaya sun riga sun yi nazare, sun karya kumallo, akwai mai duba musu aikin gida. Ɗayar tana ƙauye, yaranta rabinsu ba sa zuwa ranar kasuwa, da damuna kuma gona ke kwashe su. In ta farko ta ci kashi tamanin, ta biyu ta ci arba'in, wace ce ta fi aiki? Sakamakon ƙarshe ba zai faɗa maka ba. Mai yiwuwa ta biyun ce ta ɗauko yara daga rashin sanin harafi ta kai su ga karanta labari, ta farkon kuwa ta karɓi yara masu kyau ta miƙa su yadda ta same su. Wannan ne ya sa a 2016 Ingila ta koma auna sakandarenta da tazarar da ɗalibi ya ci tsakanin makinsa na ƙarshen firamare da na ƙarshen sakandare, a kwatanta shi da waɗanda suka fara daga inda ya fara. Shi ma wannan ma'aunin yana da nasa giɓin, amma aƙalla yana tambayar abin da ya dace: me makaranta ta ƙara wa yaron?

Kada wani ya ɗauka wannan labarin Turai ne kawai. A Najeriya gwamnati ba ta cika hukunta makaranta kan sakamako ba, amma kasuwa tana yi. Makarantar kuɗi ta san iyaye sakamakon WAEC suke kallo kafin su biya. Wasu sai su ƙi yi wa ɗalibi mai rauni rajista da sunansu, su ce ya je ya zana a wani wuri, tamkar mai tumatir da ya jera manya a saman kwando ya danne ruɓaɓɓu a ƙasa. Wasu kuma su ne cibiyoyin nan da ake rubuta wa yara amsa a allo ranar jarrabawa, da sanin iyayen da suka biya kuɗin. Atlanta ke nan ba tare da wata doka ta tilasta ba. Ko jarrabawar tantancewa da ake yi a Kano kafin gwamnati ta biya wa ɗalibi kuɗin NECO, tana da hikimarta wajen tsimin kuɗi, amma duk mai karanta alƙaluman cin jarrabawa ya kamata ya tambaya: yara nawa aka tace kafin a kai ga zauren?

Inda aka gwada tuhuma da gaske a Arewa shi ne Kaduna. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa daidai da ta 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 sun kasa samun kashi 75 cikin ɗari, ta sallame su, ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018. Malamin da ba zai iya amsa tambayar ɗalibinsa ba bai kamata ya riƙe alli ba, wannan ba abin musu ba ne. Amma mutanen nan ba daga sama suka faɗo ba. Akwai kwalejin da ta ba su takardar shaida, akwai jami'in da ya ɗauke su aiki, akwai ɗan siyasar da ya kawo sunayensu, akwai sufeton da ya shekara yana sa hannu cewa komai lafiya. Tuhumar ta sauka kan na ƙasa, ba ta hau sama ba.

Ga shi kuwa saman yana da nasa bashin. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, alhali akwai azuzuwan da yara sun haura ɗari, suna zaune a ƙasa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Shekara da shekaru biliyoyin naira na kwance a hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC saboda jihohi da dama ba su kawo nasu ba. Da wane ido gwamnatin da ta bar wannan kuɗi za ta dubi hedimasta ta ce ya gaza?

Wurin da na ga an haɗa tuhuma da tallafi yadda ya kamata shi ne Sobral, wani gari a jihar Ceará da ke arewa maso gabashin Burazil, yankin da aka sani da talauci da fari. A farkon shekarun 2000 hukumar garin ta auna yaranta, ta tarar da yawa daga cikin 'yan ƙananan azuzuwa ba sa iya karatu. Maimakon ta ɗauko buri goma, ta riƙe ɗaya: kowane yaro ya iya karatu tun a farkon firamare. Ta daina naɗa shugabannin makarantu ta hanyar siyasa, ta koma zaɓensu bisa cancanta. Ta ba malamai littattafai da tsarin darasi da horo a kai a kai. Tana auna yara cikin shekara don a gano wanda ya maƙale tun da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Zuwa 2015 firamaren garin ne kan gaba a ma'aunin ingancin ilimi na ƙasar. Jihar ta ɗauki salon a 2007, har ta ɗaure wani kaso na harajin da take raba wa ƙananan hukumomi da ci gaban da yaransu suka samu, wato shugaban gari ma ya shiga sahun waɗanda ake tambaya. Makarantar da ta lashe kyautar da jihar ke ba makarantun da suka yi zarra kuma ba ta karɓar cikon kuɗinta sai ta riƙe hannun wata mai rauni ta taimaka mata ta ɗaga.

Fara irin wannan ba ya buƙatar kwamfuta ko ƙwararru daga waje. A Indiya, tun 2005 ƙungiyar Pratham ke aika masu sa kai gida-gida da takarda guda mai ɗauke da haruffa, kalmomi, 'yan jimloli da gajeren labari, a ce yaro ya karanta. Da wannan takarda aka gano cewa kusan rabin 'yan aji biyar a karkara ba sa iya karanta littafin 'yan aji biyu. Kwamitin kula da makaranta na SBMC da ke makarantun gwamnatinmu, mai ɗauke da mai unguwa, malaman addini, iyaye mata da tsofaffin ɗalibai, zai iya yin haka da Hausa a farkon zango da ƙarshensa. In sun zauna da hedimasta, su tambaye shi yara nawa suka matsa daga haruffa zuwa kalmomi. Shi kuma ya ba su nasa lissafin, na malamai nawa aka turo masa, littattafai nawa suka iso, wata nawa albashi ya makara, su ɗauki takardun biyu su kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma.