Mece ce ƙyamar Musulunci?

Duk ranar 15 ga Maris kalmar kan dawo cikin labarai. A 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar domin yaƙi da ƙyamar Musulunci, wadda ake kira Islamofobiya. A irin wannan rana ce a 2019 wani ɗan bindiga ya kashe mutum 51 a masallatai biyu na birnin Christchurch a New Zealand.

Ma'anarta ita ce tsoro ko tsanar Musulmi saboda addininsu kawai. Sukar wata fahimta da hujja ba ta cikin wannan.

Yadda take aiki kuwa, kuɗin goro ake yi. Mutum ɗaya ya tayar da bam da sunan addini, sai a ɗora wa addinin laifin gaba ɗaya, a kau da kai daga siyasa da son mulki da ke bayan aikin. Ma'aunin ma a karkace yake. Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci fiye da 200 a masallaci da gidansa a yankin Barikin Ladi a 2018, amma mai ƙyamar cewa zai yi halin kirkin mutum ɗaya ne, addini bai da lada a ciki.

Waɗanda ta fi shafa su ne masu alama a jiki: mace mai hijabi, namiji mai gemu ko rawani. Har wanda ba Musulmi ba takan rutsa da shi. Kwana huɗu bayan harin 11 ga Satumba 2001, an harbe wani mabiyin addinin Sikh a jihar Arizona ta Amurka saboda rawaninsa.