ABOKAN MANOMI DA KE CIKIN ƘASA: MAGANIN YAUSHIN KANKANA

Zuwa ga Hakimai da Malamansu.

Akwai wata cuta da ke yi wa masu noman kankana a fadamu ɓarna ƙwarai. Alamarta ita ce yaɗo ya yi yaushi da tsakar rana ko da an ba shi ruwa, daga baya ya bushe. In aka tsaga kararsa kusa da gindi za a ga jan zane a ciki. Abin da ke kawo ta wata irin fumfuna ce mai suna Fusariyum. Ta kan shiga ta saiwa ta toshe hanyoyin da ruwa ke bi, tana kuwa iya zama cikin ƙasa shekara da shekaru. Saboda haka feshin ganye ba ya kashe ta.

To, amma ba duk ƙwayoyin da ke cikin ƙasa ne mugaye ba. Akwai waɗansu ƙwayoyin bakteriya, kamar Basilus da Sudomonas, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Su kan lulluɓe saiwa, su cinye abincin da fumfunar ke nema, su kuma fid da wani ruwa mai hana ta tsiro.

A ƙasar Faransa aka ga shaidar wannan. A wani wuri wai shi Shatorenar an daɗe ana noman wani ɗan'uwan kankana, cutar ba ta kama shi sosai, alhali fumfunar tana nan. Wajen 1976 masana suka turara ƙasar wurin da tururi mai zafi, ƙwayoyin kirki suka mutu, sai cuta ta samu hanya. Yanzu har ana sayar da irin waɗannan ƙwayoyi, a cuɗa su da iri kafin shuka.

Sai dai a lura, rigakafi ne, ba sa ta da shukar da ta riga ta kamu. Don haka ana roƙon Hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwa su sanar da manoma abu huɗu:

1. A zuba ruɓaɓɓen taki, domin shi ne abincin ƙwayoyin.
2. Kada a maimaita kankana a wuri guda kowace shekara. A sa gero ko dawa tsakani.
3. A tumɓuke yaɗon da ya kamu a ƙone shi.
4. In an sayi maganin, a ajiye shi a inuwa, gama zafin rana na rage ƙarfinsa.

Malaman Hakimai su riƙa rubuta sunayen ƙauyukan da cutar ta ɓulla, su aika wa Malamin Gona ba tare da jinkiri ba.