Tagar Da Ke Jikin Kuɗin Leda

Duk wanda ya taɓa karɓar canji a kasuwar Gwada, cikin ƙaramar hukumar Shiroro ta jihar Neja, ya san naira ashirin ɗin nan mai santsi da ake kira kuɗin leda. A bayanta akwai hoton Ladi Kwali, shahararriyar maginiyar tukwane 'yar ƙabilar Gbagyi. To amma in mai karatu ya ɗaga ta sama, zai ga wata 'yar taga da ake hango sararin sama ta cikinta. Wannan taga ita ce abin da wannan maƙala za ta yi bayani a kai.

Babban Bankin Nijeriya ya fito da wannan naira ashirin a shekarar 2007, sannan naira 5 da 10 da 50 suka biyo baya a 2009. Ƙasar Ostareliya ce ta fara irin wannan kuɗi a 1988. Masana na kiran abin da ake yin su da shi folima. Narkakkiyar roba ce ake ja ta a tsaye da kuma a kwance har ta zama shimfiɗa siririya, kaurinta kusan na silin gashin kai, haske kuma yana ratsa ta kamar gilashi. Daga nan sai a shafe fuskokinta biyu da farin shafi domin tawada ta zauna, a bar wuri ɗaya ba a shafa ba. Wato tagar ba liƙa ta aka yi ba, ainihin jikin kuɗin ne.

Hikimar kuwa ita ce, mai buga jabu yana iya kwaikwayon launi da hoto a kan takarda, amma ba tawadar da za ta sa takarda ta zama garau. Don haka mai sayar da doya ba ta buƙatar na'ura. Rana ta ishe ta.

Wata shimfiɗar folima daban mai kama da wannan tana cikin fuskar wayoyin hannu da yawa. A can ana rina ta da sinadarin aidin, a ja ta, sai ta riƙa tace haske har rubutu ya fito.

Sai dai ledar na da aibinta. Tawadarta tana koɗewa in ta sha hannu, kuma in ta kusanci garwashin mai gasa masara, nan take za ta ƙanƙance. A ganina ma sunan "leda" ya fi "folima" dacewa da bakin Bahaushe, domin kasuwa ta riga aji raɗa masa suna.