Na'urar Kwaikwayon Amfilifayar Jita: Yadda Take Aiki da Abin da Mai Koyo Ke Bukatar Sani

Jitar lantarki ita kaɗai ba ta da amon da za a yi taro da shi, domin tsirkiyoyinta na ƙarfe suna kaɗawa ne a kan maganaɗisun da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, kuma ɗan motsin lantarkin da wannan kaɗawa ke haifarwa bai kai ya motsa lasifika ba sai ya bi ta cikin amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara masa ƙarfi. Sai dai aikin amfilifaya a kiɗan jita ya wuce ƙara ƙarfi. Waɗanda kamfanin Fender ya riƙa ƙerawa a Kalifoniya tun shekarun 1940, da na Vox a Ingila, da JTM45 wanda Jim Marshall ya fitar a Landan a 1962 bisa tsarin Fender Bassman, duk suna aiki ne da bawul, wata 'yar kwalbar gilashi da aka zuƙe iskar cikinta, wanda idan aka ɗora masa fiye da abin da zai iya ɗauka yakan dankwafe kan sautin a hankali ya haifar da kaushi mai daɗin ji. Injiniyoyi sun ɗauki wannan kaushi a matsayin aibu, makaɗa kuwa suka mayar da shi muryar kiɗansu. Kuɗin da ake biya shi ne nauyi da ƙara, domin Fender Twin Reverb ya kusa kilo 30, akwatin Marshall mai lasifika huɗu yakan doshi kilo 40, kuma yawancin irin waɗannan injina ba sa fitar da zaƙinsu sai an buɗe su har maƙwabta sun kawo ƙara.

Na'urar kwaikwayon amfilifaya ƙaramar kwamfuta ce da aka keɓe wa aiki ɗaya, wato ta karɓi motsin lantarkin jita, ta yi masa da lissafi abin da bawul da lasifika za su yi masa. Kamfanin Line 6 na Amurka ya fitar da amfilifaya mai wannan fasaha a 1996, sannan a 1998 ya kawo POD, 'yar jar na'ura mai siffar ƙwayar wake, wadda ta shigar da fasahar ɗakunan matasa da ƙananan situdiyo. Fractal Audio ya fitar da Axe-Fx a 2006, Christoph Kemper na Jamus ya kawo Profiler a 2011, Helix na Line 6 ya zo a 2015, Quad Cortex na kamfanin Neural DSP da ke Finland ya shiga kasuwa a 2021, yayin da Zoom da Boss, da kuma kamfanonin Sin irin su Mooer da NUX suka cika kasuwa da ƙanana masu sauƙin kuɗi.

Abin da ke faruwa a ciki bai da wuyar bayani. Na'urar takan auna motsin lantarkin da ke shigowa sau 48,000 a cikin sakan ɗaya a yawancin samfura, ta mayar da kowane awo lamba, ta sarrafa lambobin, sannan ta sake mayar da su motsin lantarki, kuma duk wannan zagaye yana cin 'yan kashi kaɗan cikin dubu na sakan. Da yake sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan, jinkirin kashi 3 cikin dubu daidai yake da makaɗi ya ja baya da mita ɗaya daga lasifikarsa, abin da ba wanda ya taɓa kuka da shi. Hanyoyin kwaikwayon kuma iri biyu ne. A hanya ta farko, wadda Fractal da Line 6 suka shahara da ita, injiniyoyi kan rubuta lissafin da ke wakiltar sassan amfilifayar, daga bawul zuwa taransifoma, ta yadda duk maɓallin da aka murɗa a na'urar zai yi abin da takwaransa ke yi a injin na asali. A ta biyu, wadda Kemper ya buɗe ƙofarta, ana aika wasu sautukan gwaji cikin amfilifaya ta gaske, a saurari abin da ya fito, na'urar ta daidaita kanta har ta yi kama da shi, kuma sababbin samfura, har da manhajar kyauta ta Neural Amp Modeler, suna yin wannan koyo ne da fasahar ƙirƙirarriyar basira. Bambancin ya yi kama da na tela mai riƙe da awon riga da mai hoton da ya ɗauki rigar a jikin mai ita: hoton ya fi kama da abin da aka gani a ranar, amma telan ne zai iya ƙara faɗi ko rage tsawo. Wanda ya sauke irin wannan kwafi daga intanet ya kamata ya sani cewa an ɗauke shi ne maɓallan amfilifayar suna tsaye a wuri ɗaya, kuma gwargwadon nisan da ya yi daga wurin, gwargwadon raguwar kamannin.

Babban abin da ke rikita mai koyo, kuma wanda ya sa da yawa suke sayar da na'urar bayan 'yan watanni suna cewa amonta ba shi da rai, shi ne rashin sanin ainihin abin da take kwaikwayo. Makaɗin da ya saba tsayuwa gaban akwatin lasifika yana jin sautin da ya bugi bango da ƙasa kafin ya iso kunnensa, yana jin iska na dukan ƙafafunsa, kuma da yake akwatin yana ƙasa, kaifin sautin yana wucewa ta gwiwarsa bai shiga kunnensa ba. Na'urar kwaikwayo kuwa tana ba shi abin da makirufo ke ji idan aka manna shi a bakin lasifika, wato sautin da ake ji a faifai, kuma wannan ya fi kaifi, ya fi siranta, ba shi da faɗin ɗaki. Wannan sashe na aikin yana hannun wani ɗan gajeren fayil da ake kira IR, wanda ke ɗauke da yadda wani akwati, da wata lasifika, da wani makirufo da aka ajiye a wani wuri takamaimai suke canza sauti. Idan an ɗauki fayil ɗin da makirufo Shure SM57 a tsakiyar lasifikar Celestion, amon zai fito da kaifi mai soka kunne, idan kuma aka matsar da makirufon yatsa biyu ko uku zuwa gefe sai ya yi taushi da duhu, alhali amfilifayar ba ta canza ba. Saboda haka sauya IR yakan canza sauti fiye da sauya amfilifaya, kuma makaɗin da ya sayi wannan na'ura ya ɗauki aikin injiniyan sauti a kansa ko bai yi niyya ba.

Daga nan ne tsarin koyo mai ma'ana yake farawa. Kowace na'ura tana zuwa da ɗaruruwan sautukan da kamfani ya riga ya tsara ya adana, kuma yawancinsu an cika su da amsa-kuwwa da sauran kayan ado domin su burge mai gwaji a shago, ba domin su zauna cikin kiɗan mutum biyar ba. Abin da ya fi amfani shi ne mai koyo ya buɗe fili wanda babu komai a ciki, ya zaɓi amfilifaya ɗaya da akwati ɗaya, ya ajiye maɓallan kauri da tsakiya da kaifi a tsaka-tsaki, ya zauna da su har ya san halinsu kafin ya ƙara wani abu. Jerin sassa ma yana da ƙa'idar da aka gada daga kayan gaske, inda abubuwan da ke matse sauti ko ƙara masa kaushi suke zuwa kafin amfilifaya, masu maimaita sauti da masu ba shi faɗin ɗaki kuma suke zuwa bayan akwati. Ana iya karya wannan ƙa'ida, amma gara a karya ta da sani. Maɓallin da ya fi cutar da sababbin hannu shi ne na gen, wanda ke ƙayyade yawan kaushi, domin yawansa yana ɓoye kurakuran yatsu yana sa kiɗa ya yi sauƙi a hannu, amma yana cinye bambancin bugu mai ƙarfi da mai taushi, kuma da zarar ganguna sun shigo sai jitar ta koma zuza marar kan gado.

Akwai kuma matsalar da ta samo asali daga kunnen ɗan Adam, ba daga na'ura ba. Tun a 1933 masu bincike biyu na Bell Labs a Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa-ƙasa kunne ba ya jin kaurinsa da can ƙololuwar kaifinsa yadda yake jin tsakiyarsa. Wanda ya tsara sautinsa da daddare a ɗaki cikin sanyin murya zai ƙara kauri da kaifi domin ya cike abin da kunnensa ya rasa, ranar wasa kuma da aka buɗe lasifikun dandali sai kaurin ya zama rugugi, kaifin ya zama tsiwa. Maganin shi ne a tsara sauti a ƙarfin da za a yi wasa da shi, sannan a yi amfani da matatar da ke yanke ƙasa da sama. Tsirkiya mafi kauri a jita tana kaɗawa kimanin sau 82 a sakan, lasifikar jita ta gaske kuma ba ta fitar da abin kirki sama da kaɗawa 5,000 ko 6,000, don haka makaɗa da yawa sukan yanke abin da ke ƙasa da 80 zuwa 100, su kuma yanke na sama daga wajen 6,000 zuwa 8,000, wanda hakan ke bar wa jitar bes wurinta a ƙasa ya bar wa farantan ganguna nasu a sama.

A wajen naɗar sauti ne na'urar ta fi nuna ribarta. Yawancin samfura suna haɗuwa da kwamfuta kai tsaye ta wayar USB, kuma da dama suna iya aika sauti biyu a lokaci guda, wanda aka sarrafa da kuma ɗanyen sautin jitar kamar yadda ya shigo. Ajiye ɗanyen yana da muhimmanci, domin idan an zo haɗa waƙa aka ga amon da aka zaɓa bai dace da murya ba, ana iya mayar da shi cikin na'urar a ba shi wata amfilifayar daban ba tare da an sake kiran makaɗi ba. Abin kiyayewa kawai shi ne makaɗi ya riƙa sauraron kansa daga na'urar, ba ta cikin manhajar kwamfuta ba, saboda jinkirin kwamfuta yakan kai inda hannu zai fara jin sa.

Dandali kuwa yana da nasa sharuɗɗan. Ƙungiyar Metallica ta Amurka ta yi wasa a Antaktika a watan Disambar 2013 ba tare da lasifikun dandali ba, masu kallo suna saurare ta abin sawa a kunne saboda dokokin kare muhallin yankin, kuma ƙungiyar ta yi amfani da Axe-Fx a wannan wasa, ta ci gaba da shi a tafiye-tafiyenta bayan nan. Ga ƙaramin makaɗi, hanya mafi sauƙi ita ce ya miƙa waya daga na'urarsa zuwa miksa, wato na'urar da ke haɗa sautukan dandali, ya saurari kansa ta lasifikar da ke fitar da kowane sashe na sauti daidai wa daida ba tare da ta ƙara nata launi ba. Idan kuwa ya fi son jin akwatin jita na gaske a bayansa, dole ya kashe IR a layin da ke zuwa akwatin, in ba haka ba sautin zai bi ta akwati biyu, na lissafi da na katako, ya fito kamar daga cikin rijiyar da aka rufe. Wajibi ne kuma ya daidaita ƙarfin duk sautukan da ya adana kafin ranar wasa, domin babu abin da ke ɓata wa mai miksa rai kamar jitar da ke ɓacewa a baiti ta dawo da tsawa a amshi. Sauya adanannen sauti a tsakiyar waƙa yakan haifar da ɗan gajeren shiru a na'urori da dama, shi ya sa manyan samfura suka tanadi hanyar kunna wasu sassa da kashe wasu a cikin tsari guda da taki ɗaya na ƙafa. Sauti mai fuska biyu, na hagu da dama, yana da daɗi a kunne amma yawancin ƙananan wuraren taro fuska ɗaya suke da ita, kuma idan aka haɗe fuskokin biyu wasu kayan adon sukan soke juna su bar jitar a rame.

Ga masu kaɗa jita a bukukuwan Agadas da Yamai, da ƙungiyoyin kiɗan coci-coci a Jos da Kaduna, lissafin yana da ƙarin shafi, wato wutar lantarki. Yawancin manyan na'urorin suna karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, wanda ya sa kayan da aka sayo daga Amurka ba sa bukatar taransifomar da amfilifayar bawul za ta nema, amma na'urar kwaikwayo kwamfuta ce, kuma idan janareta ya yi tari ya ɗauke wuta na ƙiftawar ido, sai ta mutu ta ɗauki wasu daƙiƙu kafin ta tashi, ana tsakiyar waƙa. Tsohuwar amfilifaya mai gyaran rediyo na kasuwa zai iya buɗe ta ya canza abin da ya ƙone, allon na'urar kwaikwayo kuwa idan ya ƙone sai dai a nemo sabo daga kamfani. Saboda haka wanda zai fita wasa da ita a irin waɗannan wurare ya sanya kuɗin sitabilaiza ko ƙaramin batirin ajiyar wuta cikin kuɗin sayenta tun farko, ya kwafe sautukan da ya tsara a kwamfuta ko filashi, kuma ya riƙa tafiya da wata 'yar ƙaramar na'ura ta biyu a jakarsa.