Gasar noman ƙatuwar kabewa: Inda abokin takara ke ba ka irin da za ka kayar da shi

Daga ƙarshen watan Satumba zuwa tsakiyar Oktoba na kowace shekara, manoman lambu a Amurka da Kanada da ƙasashen Turai sukan yi dafifi a filayen baje kolin amfanin gona, kowa da kabewarsa a bayan mota. Babu mai iya sauke tasa da hannu. Sai an zagaye ta da ɗamara, injin ɗaga kaya ya cicciɓe ta a hankali ya ɗora kan sikeli, jama'a sun yi tsit suna jiran lambar da za ta fito.

A irin wannan taro ne, ranar 9 ga Oktoba, 2023, a garin Half Moon Bay na Jihar Kalifoniya, wani malamin koyar da aikin lambu daga Jihar Minesota mai suna Travis Gienger ya kafa tarihin duniya da kabewa mai nauyin kilo 1,247. Nauyin ya kusa kai na buhun shinkafa 25 masu kilo hamsin-hamsin. Ya yi tafiyar sama da kilomita 3,000 da ita a mota, ya kuma koma gida da kyautar Dala 30,000. Shekara biyu kacal kambun ya yi a hannunsa, domin a watan Oktoban 2025 wasu tagwaye 'yan Ingila, Ian da Stuart Paton, sun auna tasu ta haura kilo 1,270.

Daga gonar mutum ɗaya

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kusan duk kabewar da ta ci gasa cikin shekara 40 da suka wuce, asalinta na komawa ga iri guda da ake kira Atlantic Giant, wanda wani manomi mai suna Howard Dill ya samar a garin Windsor da ke yankin Nova Scotia na Kanada.

Kafin zuwansa, tarihin ya daɗe a hannun wani ɗan Kanada, William Warnock, wanda ya kai kabewa mai laba 403, wato kimanin kilo 183, baje kolin duniya na birnin St. Louis a 1904. An shafe fiye da shekara 70 ba a samu wanda ya zarce shi ba. Shi kuwa Dill ya yi shekaru yana ware 'ya'yan kabewar da ta fi girma a gonarsa, ya shuka, ya sake warewa, har a 1981 ya fito da mai nauyin kusan kilo 224.

Daga nan lambobin suka riƙa hawa. A 1996 Nathan da Paula Zehr na Jihar New York suka zama na farko da suka ƙetare laba 1,000. A 2012 Ron Wallace na Jihar Rhode Island ya ƙetare laba 2,000 da kabewa mai kilo 911. Sai kambun ya tsallaka Turai: Beni Meier na Suwizalan ya samu kilo 1,054 a 2014, Mathias Willemijns na Beljiyom ya kai kilo 1,190 a 2016, Stefano Cutrupi na Italiya kuma ya auna kilo 1,226 a 2021. Dill ya rasu a 2008, amma har yau a wuraren awo da dama ana ba da lambar yabo mai sunansa ga kabewar da ta fi kyan siffa da launi.

Aikin wata shida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun lokacin kaka manomi yake gyara fili domin shukar baɗi: ya kai samfurin ƙasa a gwada, ya zuba ruɓaɓɓen taki, ya bar ta ta kwana da shi tsawon hunturu. Tushe ɗaya kan mamaye fili mai faɗin murabba'in mita 60 zuwa 90, saboda haka mai ƙaramin lambu ba ya wuce tushe ɗaya ko biyu.

A watan Afrilu ake tsirar da irin a cikin ɗaki, saboda a lokacin sanyin waje yana iya kashe yabanya. Ɓawon ƙwayar yana da kauri, don haka akan goge gefensa da magagari, a jiƙa shi na 'yan awoyi, a binne a ƙaramin mazubi mai ɗumi. Cikin kwanaki kaɗan yake tsirowa. Idan ganyen farko ya buɗe sai a dasa a fili, a kafa masa 'yar rumfar leda.

Da ya fara yaɗo aiki ya samu manomi. Kowace gaɓa da ganye ya fito ana rufe ta da ƙasa domin ta yi sabuwar saiwa, ta yadda shukar za ta riƙa sha daga wurare masu yawa maimakon gindi ɗaya. Ana jera rassa hagu da dama, a datse waɗanda suka wuce iyaka.

Muhimmiyar rana ita ce ranar da furen mace ya buɗe, galibi a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Furen na buɗewa da sassafe ne, kuma na yini guda. Manomi yakan rufe shi tun daren jiya don kada zuma ta riga shi, da asuba ya tsinko furen namiji daga shukar da ya zaɓa, ya shafa garinsa a cikin na macen, ya ɗaure bakin. Ta haka yake sanin uwa da uban 'ya'yan da za su fito.

Bayan haka sai zaɓi mai ciwo. Cikin duk kabewoyin da shukar ta ɗauka, ɗaya tak ake bari, a cire sauran, domin duk abincin da ganyaye suka haɗa ya tafi wuri guda. Ana shimfiɗa mata yashi ko faifan katako a ƙasa, a lulluɓe ta da farin zanen gado don kada rana ta busar da fatarta ta hana ta buɗewa. A ganiyar girmanta takan ƙara kilo 15 zuwa 20 a kwana ɗaya, tana shan ɗaruruwan litocin ruwa. Manoma kan zagaye ta da tef ɗin awo su ƙiyasta nauyinta, amma hukuncin ƙarshe na sikeli ne.

Masana sun bincika sirrin wannan girma. Wani nazari da Jessica Savage da abokan aikinta suka wallafa a 2015 ya nuna cewa wannan iri yana da yalwar jijiyoyin da ke ɗaukar sukari daga ganye zuwa 'ya'ya fiye da kabewar da aka saba gani. Nauyin nata ne kuma ke danne ta har ta baje, shi ya sa manyan ba su da zagayen ƙananan.

Tsaga ɗaya ta isa

Saurin girman da ake nema shi ne kuma babban haɗari. Idan aka yi ruwan sama mai yawa bayan 'yan kwanakin fari, kabewar kan kwankwaɗi ruwa fiye da yadda fatarta za ta ɗauka, sai ta tsage. Ƙanƙara, ɓera, tsutsar da ke huda kara da ruɓewar gindi duk suna iya shafe wahalar wata shida a dare ɗaya.

Ƙungiyar Great Pumpkin Commonwealth, wadda ke tsara dokokin wuraren awo a ƙasashe da dama, ba ta sassauci a nan. Alƙalai sukan leƙa ƙarƙashin kabewar yayin da take rataye. Idan aka ga rami ko tsaga da ta ratsa har cikin cikinta, ko ruɓa mai tsanani, ta fita daga gasar komai nauyinta.

Iri mai suna da nasaba

Abin da ya bambanta wannan gasa da sauran shi ne abin da ke biyo bayan awo. Ana fasa kabewar a kwashe 'ya'yanta, waɗanda kan kai ɗaruruwa, a shanya. Kowane iri yana ɗaukar sunan nauyin uwarsa a ma'aunin laba da sunan wanda ya noma ta. Irin da ya fito daga kabewar Ron Wallace, alal misali, sunansa 2009 Wallace. Manoma suna ajiye tarihin nasabar iri kamar yadda masu dawaki suke sanin asalin dokinsu.

Wasu ƙwayoyin sukan yi tsada. A 2016 kamfanin sayar da iri na Thompson & Morgan da ke Ingila ya biya Fam 1,250 a kan ƙwaya ɗaya daga kabewar Beni Meier. Sai dai yawancin irin kyauta yake yawo. Sabon shiga yakan aika wa gwani wasiƙa da ambulan mai ɗauke da adireshinsa, a saka masa ƙwaya biyu ko uku a mayar masa. Ƙungiyoyin manoma kan yi gwanjon irin da mambobi suka bayar domin tara kuɗin kyaututtukan baɗi, su kuma shirya tarukan bita a lokacin hunturu inda zakarun bara ke bayyana irin takin da suka zuba da yadda suka yi ban-ruwa.

Akwai hikima a cikin wannan kyauta. Manomi ɗaya ba shi da filin gwada ƙwaya ɗari, amma idan ya raba wa mutum ɗari, cikin damina guda za a gane wace nasaba ce ta fi ƙarfi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan musayar tana cikin dalilan da suka sa nauyin ya ninka fiye da sau biyar tsakanin 1981 da yau, bayan ya yi shekara 70 a tsaye. Sau da yawa wanda ya karya tarihi da irin wani ya karya shi, kuma sunan mai irin yana nan a rubuce a jikin takardar awo.

Ina ake kai ta?

Mai karatu da ya saba da kabewar miyar taushe zai so ya san ko ana cin wannan. Ana iya ci, sai dai ruwa ya yi mata yawa, ba ta da garɗin ƙaramar kabewa. Wasu ana sassaƙa su don ado a bikin Halloween, wasu a ba dabbobi, wasu a mayar da su taki. A garin Windsor, mahaifar Dill, an fara tseren kwale-kwalen kabewa a 1999, inda aka riƙa rarake cikinta mutum ya shiga ya tuƙa a kan tafki.

Irin ya fi son wuri mai sanyi-sanyi da dogon yini, kuma zafi mai tsanani yana tauye shi, abin da duk mai sha'awar gwadawa a ƙasa mai zafi ya kamata ya sani tun farko. Amma dabarun ba su da iyakar ƙasa: gyara fili tun da wuri, binne gaɓoɓin yaɗo, rage 'ya'ya, da adana iri daga mafi kyawun abin da aka girbe.

Yanzu idon manoman yana kan laba 3,000, wato kimanin kilo 1,360. Duk wanda ya fara kaiwa can, zai kai ne da ƙwayar da ta ratso ta hannun mutane da yawa, ciki har da waɗanda zai kayar a ranar.