Shafen Tangaran A Salansar Ƙananan Jiragen Sama: Ina Zafin Yake Tafiya?

Mafi yawan ƙananan jiragen sama irin su Cessna 172 ba sa amfani da lagireto; iska ce kaɗai ke sanyaya injinsu. Kamfanin Lycoming na Amurka ya ƙayyade digiri 260 a ma'aunin Salshiyas a matsayin iyakar zafin kan silinda a yawancin injinansa, amma ya fi son a tsaya ƙasa da 205 domin injin ya yi ƙarko. Hayaƙin da ke bi ta salansa kuwa yakan haura digiri 700.

Wannan ne ya sa wasu masu jirage ke shafe salansa da wani siririn rufi na tangaran. Rufin yana tsare zafi a cikin bututu har ya fita tare da hayaƙi, maimakon ya gasa wayoyi da bututun mai da ke kewaye da injin. Wannan amfani ne na gaske, musamman a lokacin bazara.

Sai dai bai kamata a zaci kan silinda zai yi sanyi sosai ba. Zafinsa ya fi dogara ga yawan man da ake haɗawa da iska, da lokacin da fulogi ke ba da wuta, da lafiyar farantan da ke karkata iska zuwa silinda. Idan kuma aka shafe bayan bututu kaɗai, zafin yakan taru a jikin ƙarfen, ya gaggauta lalacewarsa.

Babban abin tsoro shi ne tsagewa. Daga jikin salansa ake ɗibar ɗumin da ke shiga wurin zaman matuƙi, kuma rufi na iya ɓoye wa makaniki ƙaramar tsaga da iskar kabon monoksaid za ta bi. Illar wannan iska ta bayyana a ranar 21 ga Janairun 2019, lokacin da jirgin Piper Malibu ɗauke da ɗan ƙwallo Emiliano Sala ya faɗa tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila. Masu bincike na Birtaniya sun gano gubar a jininsa, suka kuma danganta ta da matsalar bututun hayaƙi.

Saboda haka, duk wanda zai yi shafen ya fara neman amincewar hukumar kula da sufurin jiragen sama, ya gwada salansa da matsin iska a kowane duba, ya kuma ajiye na'urar gano gubar a gaban matuƙi.