Sa Inuwa A Zanen Dabbobi Masu Siffar Mutane: Abin Da Mai Zane A Waya Ya Kamata Ya Sani

A fim ɗin Zootopia da Disney ta fitar a 2016, zomanya Judy da dila Nick kowannensu na ɗauke da gashi kusan miliyan 2.5, raƙumin dawa kuwa kusan miliyan 9. Manyan kwamfutoci da manhajar kamfanin mai suna iGroom ne suka ɗauki wannan nauyi. Matashin da ke zana kura sanye da riga a ibis Paint X da ɗan yatsa ba shi da ko ɗaya daga ciki, amma sau da yawa sai ya dage yana zana gashi ɗaya bayan ɗaya. Ƙarshenta zanen ya fito kamar tsintsiya, caji ya ƙare, kurar ba ta yi kama da mai rai ba.

Masu zane da suka ƙware sukan manta da gashi tukuna. Suna kallon kai a matsayin ƙwallo, dogon baki kamar ƙaramin kwali da aka manna masa, sannan su yanke shawarar inda haske ke fitowa. Wannan baki shi ne babban bambanci da fuskar mutum, domin yana jefa inuwa a kan haɓa da wuya. Wanda bai sa ta ba, fuskar za ta kwanta shafal kamar faranti.

Aikin kansa ba shi da wuya. Bayan an zuba launi, sai a buɗe sabon falle a samansa, abin da manhajar ke kira Layer, a kunna Clipping don kada fenti ya zarce jikin dabbar, a mayar da fallen zuwa Multiply. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne amfani da baƙi. Baƙi kan gashi ruwan goro dauɗa yake zama. Shuɗi mai duhu ko ruwan hoda mai ɗan toka ya fi sa jiki ya yi kyau.

Sai bayan nan gashi ke shigowa, kuma a dunƙule. A bakin inuwa, inda duhu ya haɗu da haske, ake yanka 'yan tsinaye masu bin hanyar da gashin ya kwanta, musamman a kumatu, ƙirji da wutsiya. Tsakiyar jiki a bar shi sumul, ido zai cike sauran da kansa. Hanci da idanu su ke son ɗigon fari mai kaifi saboda danshi. Kunnen zomo kuma siriri ne, in haske na bayansa sai a ɗan ja shi, kamar yadda yatsu ke yin ja in an ɗora su kan fitilar waya.

Akwai masu shafa komai da burushi mai laushi har zanen ya zama kamar roba. Inuwa mai kaifin baki irin ta katun ɗin Japan ta fi dacewa da ƙaramin allo, ga ta ba ta cin falle da yawa, abin da ke da muhimmanci ga wayar da RAM ɗinta bai wuce 2GB ko 3GB ba. Kafin a ɗora zane a Instagram, yana da kyau a mayar da shi baƙi da fari na ɗan lokaci. In dogon baki bai fito daga fuska ba a haka, inuwar ba ta isa ba.